Yadda Ƙoƙi ta Ɓace a Baƙin Allo

A cikin ɗaliban shekarar ƙarshe na sashen nazarin harsuna a birnin Damagaram akwai wata ɗaliba da ta zaɓi tatsuniyoyin kakarta su zama tushen kundin da za ta rubuta na kammala digiri. Hutu biyu ta yi tana zuwa ƙauyensu a ƙasar Mirya. Bayan sallar lisha sai ta ajiye wayarta a gefen tabarma ta kunna naɗar murya, tsohuwar kuwa sai ta fara da tsokana, ta ce, "Kishiyata, yau ma kin zo satar baki?" sannan ta shiga labarin Gizo. Tatsuniya 34 ta naɗa. Kafin ta gama mayar da su rubutu, Allah ya karɓi ran tsohuwar a cikin damina, aka wayi gari muryar da ke cikin wayar da shafukan da aka buga su kaɗai suka rage daga waɗancan darare.

Malamin da ke duba aikinta ya ba ta shawarar kada ta tsaya ga jigo da zubi da salo kawai, kamar yadda aka saba. Ya ce ta auna harshen kansa, wato tsawon kalmomin da tsohuwar ke amfani da su da yawan fitowar kowane baƙi, domin a kwatanta da Hausar jaridu. Shawara ce mai kyau, sai dai rubutun ya haura shafi 120, kuma ƙirga haruffansa da hannu aiki ne da zai cinye shekarar. A nan ne yayanta ya shigo. Ya karanta kimiyyar kwamfuta shekara biyu kafin rashin kuɗi ya mayar da shi gyaran waya a kusa da Kasuwar Dole, kuma tsohuwar kwamfutar cinya da take buga rubutun a kanta tasa ce ta lokacin makaranta, wadda ya ɗora wa tsarin Linux. Da ta kai masa kuka, ya ce ba zai rubuta mata komai ba, domin ranar kare kundi ita za a tsare da tambayoyi. Hanya dai zai nuna mata.

Baƙin allo

Abin da ya fara buɗe mata taga ce baƙa wul. Babu hoto a cikinta, babu maɓallin da za a latsa da linzami, sai ɗan guntun rubutu da ya ƙare da alamar $, da wani ɗan tsinke yana ƙyaftawa a gabansa. Wannan wuri shi ake kira layin umarni. Mutum yakan rubuta abin da yake so kwamfuta ta yi, harafi bayan harafi, ya danna maɓallin shigarwa, ita kuma ta mayar masa da amsa a rubuce. Ɗalibar ta saba da waya, inda yatsa ke nuna abu ya samu, saboda haka tagar ta yi mata kama da ɗakin da aka kashe wa fitila. Yayan ya ce duk abin da ke cikin kwamfutar ana iya kaiwa gare shi daga nan, muddin an san sunansa.

Sannan ya yi mata bayanin kayan aikin. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, hasali ma ba ta jin harsunan da ake rubuta manhaja da su. Abin da take ji jerin lambobi ne, kowace lamba tana nufin wani ɗan ƙaramin aiki: ɗauko wannan, tara shi da wancan, koma wuri kaza. Ɗan Adam ba ya iya rubuta dogon aiki ta wannan hanya ba tare da ya rikice ba, don haka aka ƙirƙiro harsuna masu kalmomi da nahawu waɗanda mutum zai iya karantawa, aka kuma ƙirƙiro manhajar da za ta mayar da su lambobi. Irin wannan manhaja kashi biyu ce, kuma Hausa tana da kalmomin da suka raba su sarai. Akwai tafinta, wanda yake tsaye a gefen mai magana yana mayar da zance jimla bayan jimla, kuma dole ya kasance a wurin duk lokacin da za a yi maganar. Kusan haka aka fi gudanar da harshen Python. Akwai kuma mafassari, wanda yake karɓar littafi sukutum, ya fassara shi sau ɗaya, ya miƙa sabon littafi, ya tafi abinsa. Haka ake yi wa harshen C. Mafassarin da ke cikin kwamfutar tata sunansa gcc.

Dennis Ritchie ne ya tsara harshen C a ɗakunan bincike na Bell a Amurka wajen 1972, kuma littafin da suka rubuta a kansa shi da Brian Kernighan ya fito a 1978. Fassarar manhaja ta girme shi, domin tun 1957 ayarin John Backus a kamfanin IBM ya fitar da mafassarin harshen FORTRAN. Shi kuwa gcc, Richard Stallman ne ya sake shi a 1987 a ƙarƙashin shirin GNU, bisa sharaɗin kowa na iya kwafarsa, ya duba cikinsa, ya gyara, ya ba wani. Da shi Linus Torvalds ya fassara zuciyar Linux a 1991. Wannan sharaɗi shi ya sa mai gyaran waya a Damagaram yake riƙe da mafassari iri ɗaya da wanda ke hannun injiniyoyin manyan kamfanoni, bai biya ko dala ba, kuma ba ya buƙatar intanet kafin ya yi aiki da shi.

A daren farko layi bakwai kacal suka rubuta. Yayan ya ce a sa wa fayil ɗin suna kirga.c, ba tare da ƙugiyar ƙ ba, wai don kada a jawo wata matsala, ita kuma ba ta yi gardama ba. Ta rubuta a gaban alamar $:

gcc kirga.c

Ta danna, ba abin da ya fito. Alamar ta sake bayyana a layi na ƙasa, tsinken yana ƙyaftawa. Ta ce, "Yaya, bai ce komai ba." Ya ce, "To ai shi ke nan. In ya yi shiru, ya gama." Ya nuna mata sabon fayil mai suna a.out, wanda shi ne sunan da gcc yake ba abin da ya fassara idan ba a zaɓa masa wani ba. Ya koya mata ta ƙara -o da sunan da take so, sannan ta kira manhajar da aya da karkataccen layi a gabanta, domin kwamfuta ta san abin yana nan cikin ɗakin da ake tsaye:

gcc kirga.c -o kirga
./kirga

Kalma ɗaya ta fito a allon, ita ce "Sallama" da ta sa a rubuta. Ta daɗe tana kallonta.

Abin da ya faru a cikin wancan shiru aiki huɗu ne a jere, kuma gcc yana barin mutum ya tsayar da shi a kan hanya ya leƙa. Na farko share fage ne: duk inda aka rubuta #include sai a ɗauko fayil ɗin da aka ambata a zuba shi a wurin, a kuma cire bayanan gefe da marubuci ya bar wa kansa. Da ta ƙara -E domin ta gani, layukanta bakwai suka zama ɗaruruwa. Na biyu shi ne fassarar kanta, inda ake duba nahawu a mayar da rubutun harshen asambli, wanda yake dab da na inji, kuma -S yana tsayar da aiki a nan. Na uku mayar da asambli lambobi tsantsa, ana tsayawa a kansa da -c. Na huɗu haɗi ne. Aikin printf da ya fito mata da "Sallama" ba ita ta rubuta shi ba, yana cikin rumbun ayyukan da aka riga aka tanada, kuma mahaɗi ne yake ɗinke nata da na rumbu su zama abu ɗaya mai tafiya.

Malamin nahawu marar sassauci

A makonni ukun da suka biyo baya mafassarin ya fi yin magana a kan yin shiru. A harshen C umarni yakan ƙare da waƙafi mai ruwa. Wanda ya manta da wannan alama a rubutun Hausa ba a cika ma lura da shi ba, amma gcc yakan ƙi ci gaba, ya kawo sunan fayil da lambar layi da abin da ya yi tsammanin gani a wurin. Ta rubuta Printf da babban baƙi, aka ce ba a san wannan suna ba. Ta buɗe baka mai lanƙwasa ta manta ba ta rufe ba, sai ya kai ƙara a can ƙarshen fayil, domin a nan ne ya tabbatar rufin ba zai zo ba. Daga wannan ta gane cewa layin da yake nunawa shi ne inda ya tsinkayi matsala, wanda ba lallai ne ya zama inda aka yi ta ba. Wata rana kuskure ɗaya ya haifi saƙonni cike da allo, ta kusa rufe kwamfutar, yayan ya ce ta karanta na farko kawai ta gyara shi, sauran ƴaƴansa ne. Ta gyara, duk suka watse.

Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, saboda haka in aka ɗauke wuta aiki ya tsaya. A irin waɗannan darare na bazara takan fito tsakar gida da littafin rubutu da hasken waya, ta rubuta manhajar da biro, ta bi ta da ido tana neman waƙafin da ya faɗi. Sannu a hankali ta fara jin daɗin wannan malami na baƙin allo. Ba ya gajiya da tambaya ɗaya, ba ya wulaƙanta ɗalibi, kuma bai san ɗan wane ba. Ta kuma koyi cewa maganarsa iri biyu ce. Akwai kuskure, wanda yake hana fassara ɗungurungum. Akwai gargaɗi, wanda yake faɗa amma ya ci gaba ya fitar da manhajar. Yayan ya ce ta riƙa ƙara -Wall domin ya faɗi ƙarin gargaɗin da yake riƙewa, ta riƙa ƙarawa. Abin da ya zauna mata a rai dai shi ne maganar daren farko, cewa in ya yi shiru aiki ya yi.

Da haka ta kammala manhajar farko. Tana karanta rubutu kalma bayan kalma, ta auna tsawon kowace da wani aikin rumbu mai suna strlen, ta fitar da jadawali. Mafassarin bai ce uffan ba, ko da -Wall. Ta gudanar da ita a kan tatsuniyoyin, sannan a kan wasu labaran jarida da ta kwaso daga intanet, sai ga sakamakon da ba a zata ba: kalmomin tsohuwar ba su gaza na jarida tsawo ba. Malamin ya yi murna ƙwarai, ya ce wannan jadawali shi ne ginshiƙin babi na uku, har ya ambata shi ga wani abokin aikinsa a gabanta.

Sifili huɗu

Saura kwana goma sha biyu a miƙa kundi ta koma kan kashi na biyu na aikin, wato ƙirga baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Ta jera su daga b zuwa z, da ta zo kan mai ƙugiya ta rubuta kamar yadda ta rubuta wa sauran:

if (c == 'ƙ')

Mafassarin ya yi gargaɗi, ya ce abin da ke tsakanin alamomin biyu ya fi harafi ɗaya. Ta duba allon, ta ga harafi ɗaya ne tak, ta yanke hukuncin cewa wannan karon shi ne bai gane ba. Tun da gargaɗi ba ya hana fassara, ta gudanar da manhajar. Jadawalin ya fito, k da d da b da y kowanne da adadinsa mai yawa. A gaban ƙ kuwa sifili, a gaban ɗ sifili, haka ɓ, haka ƴ. Wannan a tatsuniyoyin da Ƙoƙi matar Gizo take yawo a cikin kusan rabinsu, waɗanda kuma kowace tsohuwar ta rufe ta da ƙurunƙus.

Da safe ta hau kabo-kabo ta tafi rumfar yayan. Ya ajiye wayar da yake gyara, ya karɓi kwamfutar, ya rubuta layi biyu:

echo -n kasa | wc -c
echo -n ƙasa | wc -c

Na farko ya ba da 4, na biyu ya ba da 5. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ta yadda take buga ƙ, tun da allon haruffan kwamfutar na Faransanci ne, babu shi a kai. Ta ce ai shi ya koya mata: ta danne maɓallai uku, ta rubuta 199, ta saki. Na ɗ 257, na ɓ 253, na ƴ 1b4. Lambobin sun zauna mata a yatsu, ta buga su sau dubbai ba ta taɓa tambayar ma'anarsu ba.

Ma'anarsu ita ce tushen matsalar. Kwamfuta tana ajiye rubutu a ƙananan gurabe da ake kira bayit, kowane gurbi yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, alamomi 128 kawai ya tanada, kuma sun ishi haruffan Ingilishi, kowanne gurbi ɗaya. Ƙaramin k a cikinsa lamba 107 ne. A kan wannan fahimta aka gina harshen C, har kalmar char da yake kiran harafi da ita gurbi ɗaya take nufi. Daga baya tsarin Unicode ya ba haruffan harsunan duniya lambobi, ƙ ya samu 199 a lissafin da ake yi da tushe goma sha shida, wato 409 a ƙirgen yau da kullum. Lamba 409 ba ta shiga gurbin da iyakarsa 255. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wanda yake barin haruffan ASCII a gurbi ɗaya kamar da, sauran kuma ya shimfiɗa su a gurbi biyu zuwa huɗu. A wannan tsari ƙ gurbi biyu ne, 198 da 153, haka ma ɗ da ɓ da ƴ da manyansu, kowanne biyu. Manhajarta tana ɗauko gurbi ɗaya ne a lokaci guda tana tambayarsa ko shi ne ƙ, kuma babu rabin da zai amsa. Gargaɗin mafassari gaskiya ne. Masu iya magana sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ita kuwa ta ji gyaran ta wuce.

Yayan bai gama ba. Ya ce, "Jadawalin farko fa, da me kika auna tsawon kalma?" Ta ce da strlen. Ya sunkuyar da kai. Aikin strlen gurabe yake ƙirgawa, bai san harafi ba. A wurinsa Ƙoƙi shida ce, ƴaƴa shida, ƙurunƙus goma, "Gizo da Ƙoƙi" kuma sha biyu a maimakon goma. Daɗin daɗawa, kuskuren ɓangare ɗaya ya faɗa wa. Ita ta buga tatsuniyoyin da kowace ƙugiya a wurinta, saboda girmama bakin kakarta, alhali yawancin labaran jaridar da ta kwaso an rubuta su ne babu ƙugiya, kamar yadda ake yawan gani a intanet. Kalmomin tsohuwar sun kumbura, na jarida sun tsaya yadda suke. Ratar da ke tsakanin biyun ƴar kaɗan ce tun asali, kuma wannan kumburi ya isa ya rufe ta. Sakamakon da malamin ya yi murna da shi aikin ƙugiya ne.

A kan wannan kuskure mafassarin bai taɓa cewa komai ba, kuma ba shi da dalilin cewa. Ɗalibin Hausa ya san bambancin ginin jimla da ma'ana. "Dutse ya sha furar gobe jiya" jimla ce da nahawu ba zai kama ta da laifi ba: akwai aikau, akwai aikatau, akwai karɓau, jinsi da lokaci sun dace. Duk da haka babu mai hankalin da zai karɓe ta. Yawancin aikin mafassari a wancan ɓangare na ginin jimla yake. Ya duba ya ga an miƙa wa strlen irin abin da yake karɓa, an ajiye amsarsa a inda ya dace, ya wuce. Ko marubuciyar haruffa take nufi ko gurabe, wannan yana cikin ranta, ba ya cikin fayil ɗin.

Ranar wanka

Yayan ya ce shi ma da nasa laifin, domin shi ya fara cire ƙugiya daga sunan fayil ɗin bai tsaya ya yi tunanin abin da yake gudu ba, kuma da a Python na 3 aka rubuta aikin, ƙasa huɗu za ta fito tun farko. Sannan ya faɗi abin da ita ma ta riga ta raya a zuciyarta: malamin ba ya karanta C, masu jarrabawa ma haka, in ta gyara jadawali na biyu ta bar na farko, da wuya wani ya gane. Bai ce ta yi ba, bai ce kada ta yi ba. Ya koma kan wayar da yake gyara.

A daren ba ta buɗe kwamfutar ba. Ta sa abin ji a kunne ta kunna tatsuniyar da Ƙoƙi ta ɓoye wa Gizo tukunya, ta ji tsohuwar tana ƙaƙale ƙ ɗin nan daga maƙogwaro yadda take yi in labari ya yi daɗi, tana dariya kafin ta kai ga abin dariyar. Kundin zai shiga ɗakin karatu, wani ɗalibi zai ɗauko shi bayan shekaru ya kafa hujja da shi, kuma abin da zai karanta a kan bakin wannan tsohuwa ba gaskiya ba ne. Tsohuwar ba ta nan balle ta ce ba haka ta faɗa ba.

Gyaran kansa bai kai layi goma ba. Ta ƙara locale.h da wchar.h a saman fayil, ta kira setlocale a farkon aiki domin manhajar ta bi tsarin rubutun da kwamfutar ke kai, ta daina ɗauko gurbi ɗaya ta koma ɗauko cikakken harafi da fgetwc, ta kuma rubuta L'ƙ' a maimakon 'ƙ'. Ta adana, ta rubuta ./kirga, sai ga sifili huɗun nan suna nan daram. Gabanta ya faɗi. Sai da ta yi minti biyar tana bin layukan kafin ta tuna ba ta sake fassarawa ba. Tsohuwar manhajar ta gudanar, domin gyara littafin asali ba ya taɓa fassarar da aka riga aka buga. Ta kira gcc, ya yi shiru. Wannan karon ba ta tsaya ga shirun ba. Ta buɗe sabon fayil ta zuba kalmomi biyar da ta ƙirga da yatsa, kasa, ƙasa, ɓarawo, ƴaƴa, ƙurunƙus, ta rubuta amsar a takarda tukuna, 4, 4, 6, 4, 8, sannan ta gudanar. Suka dace.

Washegari ta sami malamin a ofis. Bayan gaisuwa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, jadawalin da na kawo muku ba daidai ba ne, kuma laifina ne." Ta ajiye tsohon da sabon a gabansa, ta yi bayani. Sabon ya nuna kalmomin tsohuwar sun ɗan gaza na jarida, abin da kowa zai yi tsammani tun farko. Malamin ya daɗe yana duban takardun, kuma ba a rasa ganin rashin jin daɗi a fuskarsa ba, domin ya riga ya yi zancen a waje. Daga bisani ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara yau da ranar kare kundi. Sai ya ɗauki biro ya rubuta "shanu" a bayan takardar, ya ce, "Wannan harafi nawa manhajarki ta ce?" Ta ce biyar. Ya ce, "Ke kuma, da kika yi shekara uku a wannan sashe, baƙi nawa ne a farkonta?"

Tambayar ta buɗe abin da babu mafassarin da zai rufe shi. Sh da ts da ky da gw da ƙw da ƴan uwansu alama biyu ne a takarda, sauti ɗaya a baki. Tun taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, ake ƙoƙarin daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa tsakanin ƙasashe, amma har yau Nijar tana rubuta ƴ a inda Najeriya ta fi rubuta 'y, kuma da ta duba sai ta ga ita kanta ta gauraya su, domin yawancin littattafan da ta karanta daga Kano da Zariya suka fito. Ga kuma alamar hamza ta cikin "sa'a" da "jama'a", wadda baƙi ce cikakkiya amma manhajar ta ɗauke ta alamar rubutu. Kowanne a cikin waɗannan sai an yanke masa hukunci, kuma mai yankewa ita ce. Malamin ya ce ta rubuta hukunce-hukuncen a fili a farkon babin, ta sake kwaso labaran jarida daga waɗanda aka buga da ƙugiya, ta kuma ba da labarin kuskuren a shafi guda, domin wanda zai zo bayanta da irin wannan aiki.

Kwana tara ta yi a kan haka. Babi na uku ya rasa abin mamakinsa, ya ƙaru da shafi shida. A daren ƙarshe, bayan ta gama komai, ta koma baƙin allon ta rubuta:

mv kirga.c ƙirga.c
gcc -Wall ƙirga.c -o ƙirga

Linux ya karɓi sunan, mafassarin ma ya karɓa, bai ce komai ba. Ta ɗauko fayil ɗin gwajin, wanda yanzu ya kai kalma talatin, ta ƙara Ƙoƙi a ƙasansa, ta rubuta 4 a takarda, sannan ta danna maɓallin.